Birkin Maganaɗisu: Me Ya Sa Ba Kowane "Sabon Birki" Ne Sabo A Idon Doka Ba?



Lokaci zuwa lokaci za ka ci karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook. Matashi ya ɗaura faifan alminiyom a jikin injin fanka, faifan yana ta juyawa da gudu, sai ya matso da maganaɗisu kusa da shi ba tare da ya taɓa shi ba. Nan take faifan ya rage gudu kamar an riƙe shi da hannu. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa ya ƙirƙiro birkin mota da ba ya cinyewa, yana neman wanda zai taimaka masa ya yi rajista kafin Turawa su sace masa fasaha.

Abin yana burge ni, domin duk wanda ya kai ga haɗa wannan da hannunsa ya fahimci wani abu da da yawa daga cikinmu haddarsa kawai muka yi don cin jarrabawa. Sai dai idan ya ɗauki wannan birki ya kai ofishin da ke ba da takardar mallakar ƙirƙira, wato abin da ake kira fatent, a ƙasar da ake tantancewa da gaske, amsar da zai samu kusan a bayyane take: ba sabo ba ne. Dalilai biyu ne. Na farko, an riga shi da fiye da shekara ɗari. Na biyu, ko da a ce shi ne na farko, bidiyon da ya saka da kansa zai iya zama hujjar da za a kayar da shi da ita. Wannan maƙala za ta bi waɗannan dalilai, sannan ta nuna inda har yanzu ake samun sabon abu a wannan fanni, domin kamfanoni ba su daina karɓar takardu a kansa ba.

Yadda maganaɗisu ke tsayar da abin da bai taɓa ba

Birkin da muka saba da shi a mota da babur gogayya ce zalla. Ka taka, mai ya matse, takalmin birki ya kama faifai ko ganga, gudun ya koma zafi. Shi ya sa takalmin ke cinyewa, shi ya sa kuma tirela mai kaya ke wari idan ta daɗe tana gangara.

Birkin maganaɗisu na asali ba ya taɓa komai. Idan ƙarfen da lantarki ke iya bi ta cikinsa, kamar jan ƙarfe ko alminiyom, ya wuce ta gaban maganaɗisu da gudu, sai wani lantarki ya taso a cikin ƙarfen yana zagayawa kamar ƙananan guguwowi. Wannan guguwar lantarki ita ma tana haifar da nata ƙarfin maganaɗisun, kuma kullum tana adawa ne da motsin da ya haifar da ita. Wani masanin kimiyya mai suna Heinrich Lenz ne ya bayyana wannan ƙa'ida ta adawa a 1834. Sakamakon shi ne faifan ya ji kamar yana juyawa a cikin zuma, ƙarfin gudunsa kuma ya koma zafi a jikin faifan.

Za ka iya gwadawa a gida. Samu bututun jan ƙarfe, irin na masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ka jefa ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a ciki. Maimakon ya faɗo nan take, zai sauko a hankali kamar yana tunani, alhali maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe ko kaɗan. Wanda kuma ya taso a gidan da ke da tsohuwar mitar NEPA mai faifai ya riga ya ga wannan birki yana aiki shekara da shekaru bai sani ba. Faifan alminiyom ɗin nan da ke juyawa a bayan gilashi yana bi ne ta bakin wani maganaɗisu da ke riƙe shi, don gudunsa ya dace da yawan wutar da ake sha. Ba don shi ba da lissafin mitar ya lalace.

Akwai wata siffa da ya kamata ka riƙe, don za ta dawo nan gaba. Ƙarfin wannan birki ya dogara ne da gudu. Idan abin ya rage gudu, birkin ma sai ya yi rauni, idan ya tsaya cak kuma babu sauran ƙarfi ko kaɗan. Ma'ana ba zai riƙe mota a kan gangara ba. Saboda haka a manyan motoci da jiragen ƙasa mataimaki ne, birkin gogayya ne ke ƙarasa tsayarwa.

Suna ɗaya, abubuwa uku

Mutane sukan haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin "birkin lantarki" ko "birkin maganaɗisu", kuma wannan haɗawa kan rikita mai neman rajista tun daga farko.

Akwai wanda muka bayyana, na guguwar lantarki, marar taɓawa. Akwai kuma wanda maganaɗisun lantarki ne ke jawo ko sakin takalmin birki, amma tsayarwar kanta gogayya ce. Irinsa ake sawa a lifta: sifirin ne ke matse birkin, wuta ce ke buɗe shi, don haka idan aka ɗauke wuta sai ya kama da kansa. Taragon cikin gari a Turai ma yana da wani takalmi da ke mannewa a kan dogo da ƙarfin maganaɗisu idan ana buƙatar tsayawar gaggawa. Na uku shi ne na motoci da babura masu batir, inda injin da ke tura motar yake komawa janareta idan direba ya ɗaga ƙafa, ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun cikin batir. Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, ita ta sa jama'a da yawa suka san wannan.

Don ka ga girman abin da ake magana a kai, ɗauki tirela mai nauyin tan 40 tana gudun kilomita 80 a awa. Idan ka yi lissafi, ƙarfin da ke cikin gudunta ya kai kusan yunit 2.7 na wutar mita. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan wat 19 na awa guda. Wato a taka birki sau ɗaya, ƙarfin da zai cika wayoyi kusan 140 ne ke komawa zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Duk wanda zai ƙera birki, babbar tambayarsa ita ce ina wannan zafi zai tafi.

Waɗanda suka riga mu

A 1824 Bafaranshe François Arago ya lura cewa faifan jan ƙarfe mai juyawa yana jan allurar maganaɗisu. Michael Faraday na Ingila ya gano a 1831 cewa motsi tsakanin maganaɗisu da waya yana haifar da lantarki. A 1855 kuma Léon Foucault ya nuna ainihin gwajin da ke cikin bidiyon matashinmu: faifan jan ƙarfe tsakanin bakin maganaɗisu yana yin nauyin juyawa, yana kuma ɗaukar zafi. Har yau a Faransa da sunansa ake kiran wannan guguwar lantarki.

Masu ƙirƙira ba su ɓata lokaci ba. A Amurka, Granville Woods, injiniya baƙar fata da ya yi fice a fasahar jirgin ƙasa, ya karɓi takardar mallaka a kan wani birki mai aiki da maganaɗisun lantarki a 1887. A cikin shekarun 1880 ɗin dai kamfanin Frank Sprague ya fito da dabarar mayar da ƙarfin birki zuwa wuta a taragon lantarki. A Faransa, wani injiniya mai suna Raoul Sarazin ya ɗora birkin guguwar lantarki a kan mota a 1936, kuma daga wannan layi ne kamfanin Telma ya taso, wanda har yau yake ƙera irin wannan na'ura ta rage gudu ga manyan motoci da bas-bas. Ana ɗaura ta ne a kan farfela, faifai biyu na juyawa a gefen kwayil, direba ya ja wani ɗan hannu wuta ta shiga kwayil ɗin, motar ta rage gudu ba tare da takalmin birki ya taɓa komai ba.

A jirgin ƙasa ma haka. Wasu jiragen Shinkansen na Japan sun yi amfani da faifai mai birkin guguwar lantarki. Jirgin ICE 3 na Jamus, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2000, ya bi wata hanya: yana sauko da jerin maganaɗisun lantarki dab da dogo, 'yan milimitoci kawai a tsakani, sai dogon kansa ya zama faifan.

Duk wannan tarihi a rubuce yake, da zane da bayani, a rumbunan da kowa zai iya buɗewa.

Me doka ke nufi da "sabo"?

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka bayyana wa duniya yadda abinka ke aiki dalla-dalla, hukuma kuma ta ba ka ikon hana wasu ƙera shi ko sayar da shi na shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda. Bayan nan ya zama na kowa. Tunda ciniki ne, dole ka kawo abin da jama'a ba su da shi. Ba za a ba ka ikon hana mutane abin da yake hannunsu tun kafin a haife ka ba.

Kusan ko'ina sharuɗɗa uku ake dubawa: abin ya zama sabo, ya zama akwai basirar ƙirƙira a cikinsa, kuma a iya amfani da shi a masana'antu. Na ukun ba ya ba birki wahala. Na farko da na biyu ne ke kayar da mutane, kuma sun bambanta da juna.

A nan ne kalmar "sabo" take rabuwa da yadda muke amfani da ita a kasuwa. A wurinmu, abin da bai taɓa zuwa Kano ko Maraɗi ba sabo ne. A wurin mai tantancewa kuwa, tambayar ita ce ko an taɓa bayyana wannan abu ga jama'a a ko'ina cikin duniya, a kowane harshe, ta kowace hanya, kafin ranar da ka shigar da takardarka. Tsohuwar takardar mallaka da Jamusanci da aka manta da ita tun 1930 hujja ce. Littafin gyaran mota hujja ne. Kundin digiri, talla a jarida, jawabi a taro, na'urar da aka sayar a shago, duk hujjoji ne. Ko ka taɓa ganinsu ko ba ka taɓa ba, wannan ba ya canza komai.

Shari'u biyu sun nuna tsananin wannan ƙa'ida. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da ƙin amincewa da wata buƙatar mallaka saboda wani kundin digirin digirgir guda ɗaya da ke ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Freiburg a Jamus. Kotun ta ce tunda an shigar da shi jerin littattafai, mai nema zai iya samunsa, to ya isa. Ta biyun a Ingila aka yi ta cikin shekarun 1980, a kan allon nan mai filafilai da ake hawa a teku iska na tura shi. Kamfanin Windsurfing International yana da takardar mallaka a kansa, sai abokin shari'arsa ya kawo shaidar cewa wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Peter Chilvers ya haɗa irinsa a 1958, ya yi ta wasa da shi a bakin ruwa a tsibirin Hayling a gaban mutane. Wasan yaron nan yana cikin abin da ya rusa takardar kamfanin.

Amma akwai wani gefen da ke taimakon mai ƙirƙira. Zuciyar kowace takardar mallaka tana ƙarshenta, a wasu jimloli masu lamba da ake kira da'awa. Su ne iyakar gonar, sauran bayanin duk shimfiɗa ce. Kuma kafin a ce da'awa ba sabuwa ba ce, sai an sami hujja guda ɗaya da ta ƙunshi duk abubuwan da ke cikinta. Ba a yarda a ɗebo rabi daga wannan takarda rabi daga waccan ba.

Bari mu gwada da birkin matashinmu. Idan ya rubuta cewa yana da'awar "birki mai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da maganaɗisu a kusa da faifan", an gama da shi a minti biyar, tsofaffin takardu da yawa sun ƙunshi wannan duka. Idan kuwa ya ce faifan yana da wasu ramukan iska masu siffa kaza, maganaɗisun yana kan wani hannu da ke matsowa da kansa idan gudu ya ƙaru, kuma akwai na'urar auna zafi da ke janye shi idan faifan ya kai wani mataki, to mai yiwuwa ba za a sami takarda ɗaya da ta haɗa duka ukun ba. Ya tsallake sharaɗin farko ke nan. Amma lura da abin da ya faru: gonarsa ta ƙanƙance. Wanda ya ƙera birki ba tare da na'urar auna zafin ba bai shiga gonarsa ba.

Shinge na biyu ya fi tsayi

Tsallake sharaɗin sabunta ba ya nufin an gama. A mataki na biyu mai tantancewa yana da damar haɗa hujjoji. Zai ƙaddara wani ƙwararren injiniyan birki da ya san duk abin da aka rubuta a fannin amma ba shi da wata basira ta musamman, sai ya tambaya: shin wannan mutum zai iya kaiwa ga wannan haɗi ba tare da wahala ba? Idan amsar e ce, babu takarda.

Shahararriyar shari'a a kan wannan ma ta kayan mota ce, sai dai totur ne ba birki ba. Kamfanin Teleflex yana riƙe da takarda a kan fedar totur da ake iya matso da ita gaba ko baya daidai da tsawon direba, wadda aka haɗa da na'urar lantarki mai gaya wa kwamfutar mota yadda aka taka. Ya kai kamfanin KSR ƙara. Fedar da ake matsowa tsohuwa ce, na'urar ma tsohuwa ce, haɗin ne kawai ba a taɓa rubutawa a takarda ɗaya ba. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka, baki ɗayan alƙalanta, ta ce wannan haɗi abu ne da duk injiniyan fannin zai yi, tunda masana'antar mota gaba ɗaya tana komawa totur na lantarki. Da'awar ta faɗi.

A ganina wannan ne ramin da yawancin ayyukan ɗalibai za su faɗa. Ɗaukar birkin Telma a ɗora a Keke Napep, ko a haɗa shi da manhajar waya ta Bluetooth, aiki ne mai kyau na kammala karatu, kuma yana iya zama sana'a. Amma canza wa tsohon abu wurin zama kawai ba ya cika gamsar da mai tantancewa, sai in an nuna wata matsala da ta taso a sabon wurin wadda aka warware ta hanyar da ba a zata ba.

To ina sabon yake ɓuya?

Yana cikin matsalolin da har yau ba a gama da su ba. Zafi shi ne na farko. Faifan da ya yi zafi sosai ƙarfin birkinsa yana raguwa, don haka siffar fukafukan sanyaya shi da irin ƙarfen da aka zuba shi da shi duk wuraren bincike ne. A jirgin ICE 3 dogo ne ke ɗaukar zafin, kuma ƙarfin maganaɗisun na iya rikita na'urorin sigina da ke gefen hanya, shi ya sa ba a kowane layi ake barin a yi amfani da shi ba. Sai nauyi: kwayil na jan ƙarfe da faifan ƙarfe suna da nauyi, suna kuma shan wutar batir sosai.

Wannan ya kai mu ga maganaɗisun dindindin, wanda ba ya buƙatar wuta. A farkon shekarun 1980 kamfanin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan, kowa a nasa ɓangaren, suka samar da maganaɗisun niyodimiyom, irin wanda ke cikin sifikar wayarka da abin sauraren kunnenka. Ƙarami ne amma ƙarfinsa ya wuce misali. Matsalarsa ɗaya: ba a kashe shi. Birkin da ba ya sakin mota kuwa ba shi da amfani. Saboda haka dabarun "kashe" shi, ko ta juya jerin maganaɗisun, ko ta zame su gefe, ko ta karkatar da ƙarfinsu cikin wani ƙarfe, sun zama fagen da ake ta karɓar takardu a kai, kuma a Japan akwai manyan motoci da ke amfani da irin wannan.

Inda rashin kashewar ya zama alheri shi ne wuraren shaƙatawa. Jirgin lilo mai gudu a kan dogo da hasumiyar da ke sako mutane daga sama suna son birkin da zai yi aiki ko an ɗauke wuta. Nan ma an yi rigima. Kamfanin Intamin ya kai kamfanin Magnetar ƙara a Amurka kan irin wannan birki. Da'awar Intamin ta ce akwai wani "abu na tsakani" a tsakanin kowane maganaɗisu da maƙwabcinsa. Magnetar kuwa ya jera nasa ne a wani tsari da ake kira jerin Halbach, inda abin da ke tsakanin maganaɗisu biyu shi ma maganaɗisu ne da aka juya fuskarsa, don ƙarfin ya taru a gefe ɗaya. Sai gardama ta koma kan kalma guda: shin maganaɗisu zai iya zama "abu na tsakani"? Ƙaramar kotu ta ce a'a, kotun ɗaukaka ƙara a 2007 ta ce kalmar ba ta hana ba, ta mayar da shari'ar baya. Ba wanda ya yi da'awar shi ya ƙirƙiro birkin maganaɗisu a wannan shari'a. Babban faɗan a kan yadda aka jera su ne.

Bidiyon da ka saka da hannunka

Mu koma dalili na biyu, wanda ya fi shafar mai riƙe da waya. Doka ba ta cika bambanta bayanin da wani ya yi da wanda kai ka yi ba. A ƙarƙashin tsarin Turai, idan ka nuna yadda abinka ke aiki a bainar jama'a ko da kwana ɗaya kafin ka shigar da takarda, ya shiga cikin abin da aka riga aka sani. Rangwamen da ake yi ɗan kaɗan ne: wata shida, kuma sai idan wani ne ya tona maka asiri ta hanyar cin amana, ko a wani baje koli na ƙasa da ƙasa da aka amince da shi a hukumance ka nuna. Dokar Nijeriya ta 1970 ma ta ambaci irin wannan rangwame na wata shida ga baje kolin ƙasa da ƙasa. TikTok ba ya cikin wannan. Amurka ta fi sassauci, tana ba mai ƙirƙira shekara ɗaya daga ranar da ya bayyana abinsa, amma wannan a Amurka kawai zai amfane shi.

Goge bidiyon daga baya ba ya gyara komai, tunda ya riga ya fita. Tsarin da ya dace shi ne a shigar da takarda tukuna, sannan a yi talla. Da zarar ka shigar a ƙasa ɗaya, Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 ka shigar a sauran ƙasashen da ke cikinta, a ɗauke ka kamar a ranar farko ka shigar. Idan dole ne ka nuna wa mai walda ko mai zuba jari kafin nan, a yi yarjejeniyar sirri a rubuce.

Takarda a hannu ba ita ce hujja ba

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A Nijeriya, ofishin rajista yana duba cikar takardu ne da biyan kuɗi, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar ta faɗa a fili cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Ma'ana matashinmu zai iya samun satifiket mai hatimi a kan birkin Foucault, ya rataya a bango, a ɗauke shi hoto. Ranar da ya kai wani ƙara a Babbar Kotun Tarayya, lauyan ɗaya ɓangaren zai zo da tsofaffin takardu ya nemi a soke ta, kuɗin rajista da na lauya duk sun tafi. Mai zuba jari da ya san abin da yake yi ma binciken zai fara tambaya kafin satifiket. Kuma takardar iyakarta ƙasar da ta bayar. Ta Nijeriya ba ta aiki a Nijar, domin Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17.

Binciken farko kuwa kyauta ne, da wayarka za ka yi. Google Patents, da Espacenet na ofishin Turai, da Patentscope na hukumar WIPO da ke Janiba, duk a buɗe suke. Maimakon ka dogara da kalmomi kawai, yi amfani da lambar rukuni, domin kowace ƙirƙira tana da aji kamar littafi a laburare. Birkin guguwar lantarki na ababen hawa yana ƙarƙashin B60L 7/28, na'urorin kansu kuma za ka same su a H02K 49. Buɗe takarda, ka fara da zane, sannan ka tsallaka kai tsaye zuwa da'awa ta 1. Duba harafin da ke bayan lambar: A galibi buƙata ce da aka wallafa, ba a kai ga amincewa da ita ba, B kuma ita ce aka bayar. Ka tuna cewa buƙatu sukan zauna a ɓoye wata 18 kafin a wallafa su, don haka rashin ganin abu a yau ba ya tabbatar da cewa ba wanda ya riga ka.

Wannan bincike yana da wata riba ta daban. Takardar da aka shigar fiye da shekara 20 da suka wuce galibi ta mutu, wasu ma tun kafin nan suke mutuwa saboda ba a biya kuɗin sabuntawa ba. Duk zane da bayanin da ke cikin irin waɗannan takardu, daga yadda ake naɗa kwayil har zuwa tazarar da ake bari tsakanin faifai da maganaɗisu, kowa na iya ɗauka ya ƙera ya sayar ba tare da ya nemi izinin kowa ba.